Daga Bonn Zuwa Seiffen: Yadda Jamusawa Ke Ƙawata Gidajensu Idan Duhun Hunturu Ya Shigo

A ƙasar Jamus ana mayar da agogo baya da awa guda a ranar Lahadin ƙarshe ta watan Oktoba, kuma daga wannan rana yini yake fara ƙanƙancewa yadda kowa zai gani da idonsa. Na sauka a birnin Bonn jim kaɗan bayan wannan canji domin ziyartar ƙanena da iyalinsa, na tarar ana Magariba wajen ƙarfe biyar, kuma kafin in baro ƙasar a watan Disamba rana tana faɗuwa tun wajen huɗu da rabi. Sana'ata koyar da aikin katako ce, saboda haka duk inda na shiga idona yakan tafi kan abin da hannu ya yi. Abin da ya fi tsaya mini a rai a wannan tafiya shi ne yadda mutanen ƙasar suke tarbar watannin duhu da almakashi da gam da kyandir, tun daga yaron da bai iya rubuta sunansa ba har zuwa tsohuwar da hannunta ke rawa.

Lokacin da na isa, ganyen bishiyoyi ya riga ya koma ja da ruwan ɗorawa yana zuba a bakin titi. A ƙofofin gidaje da yawa an jera kabewa manya da ƙanana, an rataye kambun busasshen ganye da zangarniyar alkama. Wasu kabewoyin an fafe su an yanka musu ido da baki an sa kyandir a ciki, saboda bikin daren 31 ga Oktoba, wanda ƙanena ya ce al'ada ce da ta shigo daga Amurka kuma dattawan unguwar ba su cika damuwa da ita ba. Abin da ya fi jan hankalina shi ne aljihun 'ya'yansa biyu, wanda kullum yake cike da 'ya'yan wata bishiya da ake kira kastaniya, masu santsi da ƙyalli, launin ƙasa-ƙasa. Idan sun dawo gida sai mahaifiyarsu ta huda musu su da basilla, su kuma su sossoka tsinken ashana, nan da nan tebur ya cika da dawakai da tumaki da mutane masu dogayen ƙafafu, a jera su a gindin taga. Ganin haka ya tuna mini da yadda yaranmu suke feɗe karan dawa bayan girbi su ƙera motoci, domin a nan da can ɗin kayan aikin ba saye ake yi ba, abin da lokacin ya zubar a ƙasa ne yaro yake tsinta.

Babban aikin farkon Nuwamba shi ne fitilar takarda. A ranar 11 ga watan ake tunawa da Martin, wani sojan Rum na ƙarni na huɗu wanda daga baya ya zama babban limamin Kirista na birnin Tours a Faransa, kuma labarin da ake ba yara shi ne cewa ya haɗu da wani almajiri yana rawar ɗari a ƙofar birnin Amiens, sai ya zare takobi ya raba alkyabbarsa biyu ya ba shi rabi. Makarantar renon da 'yar ƙanena take zuwa ta gayyaci iyaye wani yammaci domin haɗa fitilun, aka tafi da ni. An ba kowane yaro kwalin cuku mai da'ira, aka raba marfin da gindin, marfin aka yanke tsakiyarsa ya zama baki. Sai aka shimfiɗa takarda mai shara-shara wadda haske ke ratsawa, yaro ya shafa mata gam ya manna busassun ganyen da ya tsinto, ko kuma ya yayyaga takardu masu launi ya lilliƙa yadda ransa ya so. Daga nan a naɗe takardar ta zama kamar gwangwani, a manna gefe ɗaya a jikin marfin, ɗayan a jikin gindin, a soka waya ta sama a lanƙwasa ta zama mariƙi, a rataye ta a bakin sanda mai ɗan ƙwan fitila na batir, domin yanzu ba a cika ba ƙananan yara kyandir ba.

"Baffa, riƙe mini nan, kada ka saki sai gam ɗin ya kama," in ji yarinyar, tana danna yatsana a kan gaɓar takardar da nata ɗan yatsan. Na lura malamarsu tana zagayawa tana miƙa almakashi da gam, amma ko sau ɗaya ban ga ta karɓi aikin wani yaro ta miƙe masa layin da ya karkace ba. A ganina wannan daidai ne, kuma ya kamata mu masu koyarwa mu yi tunani a kai, domin yaron da aka gyara wa fitila ya san ba tasa ba ce, ba kuwa zai riƙe ta a titi da alfaharin da na gani a fuskokin waɗannan yara ba. Da ranar ta zo, bayan duhu ya shiga, aka fito jerin gwano: mutum a kan doki sanye da jar alkyabba yana gaba, masu busa ƙaho na biye, sannan yara rututu da fitilunsu suna waƙa har zuwa wani fili inda aka hura babbar wuta, aka raba musu burodi mai siffar mutum kamar yadda ake yi a yankin kogin Rhein. Na tambayi ƙanena yadda yake ji a matsayinsa na Musulmi, ya ce, "Yaya, ba ma shiga ibadarsu, su ma sun san haka kuma ba sa matsa mana. Fitilar aikin makaranta ce, labarin kuwa na tufatar da wanda ba shi da tufa ne, kuma wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu."

A ƙarshen Nuwamba kayan kaka suka fara ɓacewa daga ƙofofi, koren reshe ya maye gurbinsu. Wata dattijuwa maƙwabciyarsu, wadda yaran suke kira Kaka, ta kira mu mu ga yadda take ɗaure kambun da Kiristoci ke ajiyewa a tebur a makonni huɗu kafin Kirsimeti. Tana da gammo na karan alkama wanda ta ce ta daɗe tana amfani da shi, tana yanka rassan itacen fir, wanda ganyensa ba ya zuba da hunturu, gajeru-gajeru, ta haɗa uku ko huɗu ta kwantar a kan gammon ta naɗe gindinsu da siririyar koriyar waya, sannan ta ɗora wasu a kai yadda kansu zai rufe gindin na baya, haka har ta zagayo ba tare da ta yanke wayar ba. Ta gasa guntun waya a wuta ta soka a gindin kyandirori huɗu domin su kafu, ta ƙara da busasshen lemo da ta yayyanka ta shanya da kanta da sandunan kirfa. Ana kunna kyandir ɗaya a Lahadin farko, biyu a ta biyu, har huɗun su cika. Al'adar ta faro ne a birnin Hamburg a shekarar 1839, a hannun Johann Hinrich Wichern, wanda yake riƙe da gidan renon yara marasa galihu. Yaran sun dame shi da tambayar yaushe Kirsimeti zai zo, sai ya ɗauki tsohuwar ƙafar keken doki ya kafa mata ƙananan kyandirori na ranakun mako da manya huɗu na ranakun Lahadi, domin su riƙa ƙirga kwanakin da idonsu. Dattijuwar ta ja kunnen yaran cewa idan rassan suka bushe wuta take kama su nan take, don haka ba a barin kyandir yana ci idan babu babba a ɗakin.

Ita ce ta ce mini idan da gaske aikin katako ya dame ni, to in tafi gabas, jihar Saksoni, in ga inda ake yin kayan. Ƙanena ya ɗauki hutu muka hau jirgin ƙasa zuwa Dresden. Kasuwar Kirsimeti ta birnin tana ci tun shekarar 1434, kuma a tsakiyarta akwai wata dalar katako mai hawa-hawa da ta haura mita 14, tana juyawa a hankali da mutum-mutumi a kowane hawa. Kasuwar tana da kyau, amma cunkoso ya yi yawa, kuma a rumfunan kayan ado sai mutum ya duba da kyau kafin ya bambance aikin hannu da na masana'anta. A nan na sayi wani tauraro na takarda irin wanda na ga an rataye a tagogi da barandar gidaje ko'ina a birnin, wanda ake yi a garin Herrnhut. Yana da tsini 25, goma sha bakwai masu gindi mai kusurwa huɗu, takwas masu kusurwa uku, ana sayar da shi a warware cikin kwali, mai saye ne zai haɗa da ƴan ƙananan maƙalai ya sa ƙwan fitila a ciki. Asalinsa darasin lissafin siffofi ne a makarantun kwana na wata ɗariƙar Kirista a ƙarni na 19, inda aka sa ɗalibai su yanka takarda su gina siffar da hannunsu, sannan a shekarar 1897 wani ɗan kasuwa mai suna Pieter Hendrik Verbeek ya fara yin irin wanda ake warwarewa a aika ta gidan waya. Mun haɗa shi a masauki da dare, kuma tsinin ƙarshe ne ya fi wuya, saboda a lokacin babu sauran kafar da yatsa zai shiga ya riƙe daga ciki.

Daga Dresden muka nufi tsaunukan Erzgebirge da ke kan iyaka da ƙasar Cek. Jirgi ya sauke mu a Olbernhau, muka shiga bas wadda ta yi ta hawa cikin dajin fir da dusar ƙanƙara ta lulluɓe, muka isa ƙauyen Seiffen rana na faɗuwa wajen ƙarfe huɗu. Ƙauyen ƙarami ne, mutanensa ba su wuce dubu biyu da wani abu ba, amma da wuya in ce na ga taga ɗaya da babu haske a cikinta. A kowace an ajiye wani baka na katako mai jerin kyandirori a samansa, yawancinsu yanzu na lantarki, a ƙarƙashin bakan kuma an yanka hoton masu haƙar ma'adinai ko daji ko cocin ƙauyen mai kusurwa takwas da aka gama ginawa a 1779. Hasken duk fari ne mai ɗan ja, babu mai walƙiya ko sauya launi, kuma wannan natsuwar ta sa titin ya fi kyau a idona fiye da duk abin da na gani a manyan birane.

Tarihin yankin ne ya haifi wannan ado. An gano azurfa a Freiberg a shekarar 1168, mutane suka yi ta kwarara cikin tsaunukan, su kuwa mutanen Seiffen kuza suke haƙa. A lokacin hunturu mahaƙi yakan shiga rami kafin gari ya waye ya fito bayan rana ta faɗi, sai ya yi makonni bai ga rana ba, don haka haske ya zama abin da ya fi marmari, iyalinsa kuma suke ajiye masa shi a taga. Bakan kyandir mafi tsufa da aka sani na ƙarfe ne, an ƙera shi a garin Johanngeorgenstadt a 1740. Da kuzar ta fara ƙarewa, har aka rufe ofishin kula da haƙar ma'adinai na Seiffen a 1849, abin da ya rage wa mutane shi ne daji da ruwan ƙorama mai juya inji, sai suka koma sassaƙa, daga akushi da maɓallai zuwa kayan wasan yara da ake kaiwa kasuwannin Nuremberg da Leipzig. Talauci ne ya tura su, kuma gidan tarihin kayan wasa na ƙauyen bai ɓoye wannan ba, domin ya nuna yadda iyali gaba ɗaya, har ƙananan yara, suke zama a ɗaki guda suna fenti a kan ɗan kuɗi kaɗan. A 2019 hukumar UNESCO ta sa yankin haƙar ma'adinan cikin wuraren tarihi na duniya.

Kayan da ake yi suna da yawa, amma zan tsaya a kan waɗanda suka koya mini wani abu. Dalar kyandir ta tebur ba ta da inji ko batir. Sanda ce a tsaye a tsakiya, ƙasanta allura ce mai tsini da ke zaune a kan ɗan faifan gilashi, samanta kuma fukafukan katako ne a karkace. Idan aka kunna kyandirori a ƙasa, iska mai zafi ta tashi ta bugi fukafukan, sai sandar ta juya da duk faifan da ke jikinta. Idan sandar ta ɗan karkace ko nauyin gefe ɗaya ya fi, dalar ba za ta motsa ba, don haka ita kanta ce take ba da shaidar ko kafintan ya iya aiki. Akwai kuma mutum-mutumin fasa ɓawon 'ya'yan itace, wanda Wilhelm Füchtner ya fara yi a Seiffen wajen 1870, mai siffar sarki ko soja da muzurai da manyan haƙora, da wani na daban mai siffar talaka, makiyayi ko mai tallar kaya, wanda ake buɗe cikinsa a sa turare hayaƙi ya riƙa fita ta bakinsa. Na ga wani matashi yana yin bishiya da sandar farin katako mai laushi, yana tura ƙarfen sassaƙa daga sama zuwa ƙasa yana tayar da ɓawo siriri wanda yake nannaɗewa da kansa bai rabu da sandar ba, layi bayan layi, har sandar ta zama bishiya mai rassa.

Amma abin da ya kai ni shi ne sassaƙar zobe, wadda aka ƙirƙiro a wannan yanki wajen shekarar 1800, kuma masu iya ta a yau ba su da yawa. A gidan tarihi na fili da ke gefen ƙauyen akwai tsohon ɗakin aiki na 1760 wanda ruwa ke juya injinsa, kuma a can na tsaya na kalli wani dattijo yana yi. Ya ɗauko yankakken gungumen itacen fir, ɗanye sharaf, domin a jiƙe ake ajiye shi, ya kafa shi a injin juya katako. Da gungumen ya fara gudu sai ya riƙa sauya ƙarafa, wani mai faɗi, wani mai lanƙwasa, wani siriri, yana rarake kwari a nan yana barin tudu a can, ɓawon katako mai danshi yana tashi dogo-dogo yana sauka a kafaɗarsa da hularsa. Ya yanke zoben, ya juya shi ya sake kafawa ya yi ɗaya fuskar. Abin da ya sauko da shi zobe ne kawai mai faɗin faranti, mai layi-layi, babu wanda zai ce ga abin da yake nufi. Sai ya ɗora shi a kan kututture, ya sa wuƙa ya buga da guduma ya tsaga, ya sake bugawa gefe kaɗan ya ciro yanki ya miƙo mini. Doki ne, da kai da wuya da gadon baya da ƙafafu. Zobe ɗaya yana ba da gomman dawakai, daga baya a gyara kowanne da wuƙa, a manna masa kunne da wutsiya, a yi masa fenti.

Na daɗe ina jujjuya yankin a hannuna, saboda na fahimci abin da ke cikin aikin: mai sassaƙar ba ya ganin dokin yayin da yake yi, sai bayan ya gama ya tsaga, kuma idan ƙarfe ya zarce a wuri ɗaya to duk dawakan da ke cikin zoben sun tashi da wannan aibin. Ta bakin ƙanena na tambaye shi yadda yake auna zurfin. Ya taɓa goshinsa, sannan ya nuna tafin hannunsa, ya ce siffar tana nan, ƙarar ƙarfen a jikin katako kuma ita take gaya masa inda ya kai. Ya ce ƙarafan ma shi yake wasa su ya ba su bakin da yake so. Na ce wa ƙanena ya faɗa masa cewa ni ma malamin katako ne, amma a gabansa ɗalibi nake, sai ya yi murmushi ya sake tsaga wani yanki ya ƙara mini.

Matar da muka sauka a gidanta ta nuna mini ɓangaren da kasuwa ba ta nunawa. Kayan adon ɗakinta ba na bana ba ne. A cikin akwatuna suke kwana a saman rufi, a naɗe da takarda, a sauko da su kafin Lahadin farko ta kunna kyandirorin kambu, kuma a al'adar yankin wasu gidaje ba sa kashe hasken taga sai 2 ga Fabrairu. A tagarta akwai mutum-mutumin mahaƙa biyu da na mala'ika ɗaya riƙe da kyandir, ta ce bisa al'ada mahaƙi na ɗa namiji ne, mala'ika na 'ya mace, don haka mai wucewa yana iya sanin 'ya'yan gidan daga titi. Ni dai ban sayi irin waɗannan siffofi ba saboda addinina, amma na duba aikin da kyau. Dalar da ke kan teburinta ta kakanta ce, fiffike ɗaya sabo ne fari a cikin tsofaffin da hayaƙi ya rina, ta ce ɗanta ne ya sassaƙa shi da tsohon ya karye. Ta yi ƙorafin cewa kwaikwayon da ake shigowa da shi daga ƙasashen waje da araha yana cutar da masu sana'ar, shi ya sa ƙungiyarsu take buga tambari a kayan asali. Kayan asalin suna da tsada ƙwarai, wannan gaskiya ne, amma wanda ya ga ana gyara dalar da aka gada daga kakanni maimakon a jefar da ita zai gane cewa ba don hunturu ɗaya ake saye ba. A ƙauyen akwai makarantar koyon yin kayan wasa na katako, inda matashi yake shekara uku kafin a ba shi takardar shaida, kuma wannan ya burge ni fiye da shagunan, domin sana'ar da ake yi wa makaranta da jarrabawa ba ta zama abin da ake komawa sai an rasa abin yi.

Kafin mu bar Seiffen na koma wurin dattijon na sayi rabin zobe wanda ba a tsaga ba, na kuma roƙe shi ya bar ni in zana bakin ƙarafansa a takarda, ya yarda. Da na dawo gida na ajiye rabin zoben a gaban ɗalibaina na ce su faɗi abin da ke ciki, babu wanda ya canka, sai da na sa wuƙa. Yanzu zanen ƙarafan yana hannun wani maƙeri da muke aiki da shi, mu kuma muna jiƙa gungumen malaina a cikin duro, domin a cikin itatuwan da muke samu shi ne mai laushin da nake ganin zai karɓi irin wannan sassaƙa, kuma ɗaliban sun riga sun zaɓi cewa zoben farko na raƙumi za a yi.